Kalmar Da Ta Ci Gonar Inna

Gaisuwa gare ka Edita, da duk masu karanta wannan mujalla. Ni tsohuwa ce yanzu, na ga jikoki har da tattaɓa kunne, kuma karatun da nake rubuto muku wannan da shi sai da furfura ta fara fito mini na koye shi a ajin yaƙi da jahilci. Amma a shekarun da zan ba ku labari, shekarun da Nasara ya naɗe tutarsa aka ɗaga tamu, ni matashiyar mace ce mai jini a jika, haifaffiyar wani ƙauye a gefen Gazawa, ina aure a wani ƙauyen ta wajen Agiye. Abu biyu aka san ni da su. Na farko man gujiya, wadda wasunku ke ce wa gyaɗa. In na soya na matse, tun daga bakin rijiya ake jin ƙamshi, ƙuli-ƙulina kuwa ba ya kai la'asar a kasuwa. Na biyu baki da zafin zuciya. Ba a taka ni in kwana da abin a ciki, kuma a lokacin har alfahari nake yi da hakan. Ba zan kama sunan kowa ba, don yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Amma ba zan yi muku ƙaryar cewa na huce ba, domin ban huce ba.

Ba wanda ya yi mini dole a auren nan. Ni na gan shi a dandali, dogo, mai iya magana, na ce shi nake so ko ba kowa ba. Babanmu ya riga ya rasu, yayana namiji ɗaya ya tafi cin rani kudu tun ina ƙarama bai sake waiwayo mu ba, sai ni da inna. Duk abin da baba ya bar mana gona ɗaya ce a bakin fadama, mai gawo uku a tsakiya, kuma ita ke ciyar da inna. Shekarun farko na auren ba ni da abin cewa. Manomi ne, yana fita da sassafe ya dawo da ƙasa a ƙafa, muka haifi ɗiya mace guda. A wajenmu kuwa mace na da gamana, wato 'yar gonar da miji ke yanka mata ban da gandun gida. Ƙasar tasa ce, amma abin da ya fito nata ne, ko ƙwaya ɗaya ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. Kowa ya san wannan, yaro da babba. Ni gujiya nake shukawa a tawa, da irin da inna ta ɗaure mini a bakin zane ranar da aka kai ni. Ba na sayarwa da kaka lokacin da kowa ke zubarwa da arha. Ina zubawa a rumbuna in rufe, sai bazara ta yi, gujiya ta yi wuya, in riƙa ɗiba ina yin mai.

Abin ya lalace ne lokacin da gujiya ta yi kuɗi, motoci suka fara shigowa har ƙauyuka. Wani babban ɗan kasuwa na Maraɗi ya ɗauki mijina ɗan awo, yana ba shi kuɗi ya saya masa a hannun manoma. Mutumin da bai taɓa riƙe kuɗi jika biyu nasa na kansa ba ya wayi gari da jaka a rataye. Sai ga keke, sai ga sigari, sai ga hira da 'yan karta a bayan kasuwa. Ya daina zuwa gona, wai shi yanzu an samu 'yancin kai, ba zai mutu a duƙe ba. Ni ban ga 'yancin da ya shigo ɗakina ba, in ban da warin taba. Da farko tiya biyu uku yake cewa in ara masa ya cika buhu. Daga nan ya kama jajayen awakina biyu ya kai kasuwa, ya ce dogarai sun matsa masa a kan lanho, harajin kai ke nan, alhali da idona na ga kuɗin harajin a hannunsa kwana kaɗan kafin nan. Da na yi magana ya ɗaga mini hannu. Na yi yaji, aka yi biko, na dawo. Na sake yi, aka sake zuwa da goro da ban haƙuri, na sake dawowa. A karo na uku na je gida da kumburin fuska na gaya wa inna cewa ni auren nan ya fita raina fit, ko an daka ni da shi a turmi ba za mu haɗu ba.

Inna mace ce mai sanyin magana, ba ta yi kama da ni ba ko kaɗan. Ba ta ce in yi haƙuri ba, don ta ga fuskar. Ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi tana danna mini, tana yi mini lissafi. Ta ce mutumin nan ba zai sake ki don kansa ba, tunda ya san in ke kika nema, sai kin mai da mashi sadakinshi da abin da aka kashe. Ta ce bana Allah ya ba ki damina, rumbunki cike yake, zai biya kuɗin nan har ki samu jarin da za ki tsaya da ƙafarki. Don haka in koma in yi lum, kada in nuna komai. In samu mai jaki na wajenmu, in kira mutum biyu da ba danginsa ba su tsaya a auna gujiyar a gabansu, a kai kasuwar Gazawa a sayar, in damƙa kuɗin a hannun kawuna. Sai kuɗi ya kwana a hannun kawu, sannan in buɗe baki in nemi saki. Ta riƙe mini hannu ta ce in dube ta da kyau: in rumbun nan ya kuɓuce, ba mu da abin da za mu fanshe ki da shi sai gonar babanki. Na ce mata na ji, kuma wallahi a ranar na ɗauka na ji.

Na koma, amma sai na fara da abin da bai kamata in fara da shi ba. Hankalina duk ya tafi kan kayan ɗakina. Tasoshina na jere, da kwanonin sha masu fure, da ƙoren da na sha wahalar tarawa, da zannuwana biyu na fita biki, su na riƙa fitarwa ɗaya bayan ɗaya, ina ba wata ƙawata mai zuwa kasuwa ta kai wa inna. Ina tsoron kada a ce na dawo gida hannu biyu, kada matan ƙauyenmu su leƙa ɗaki su ga bango fayau. Rumbu kuwa na ce ai ba shi da ƙafa, yana nan inda yake a bayan gari cikin rumbunan gidansu, in na gama da ɗaki zan waiwaye shi. Kasuwa ta ci, wata ta sake ci, ina ta jigilar kwano. Inna ta aiko a tambaye ni maganar mai jaki, na ce a gaya mata sati mai zuwa. Ban san cewa shi ma yana nasa lissafin ba. Ashe karta ta cinye kuɗin mutumin Maraɗi, kuma an aiko masa cewa ko ya kawo buhunan gujiya ko a turo jandarma su kama shi.

Ranar da abin ya faru na taso daga rijiya da tulu a kai, da hantsi. Sai na hango jakuna tsaye a wajen rumbuna. Da na matsa sai na ga an ɗage jinkar rumbuna an ajiye a ƙasa, mijina yana ciki tsundum yana miƙo kwando, mai jakunan yana ɗurawa a buhu, baffansa kuma, ƙanin mahaifinsa, wani tsoho mai nauyin kunne, yana zaune a inuwa da carbi yana kallo. Ban san lokacin da na saki tulun ba. Na yi kansu ina ihu, na cakumi bakin buhu, na kira shi ɓarawo, na kira shi abin da ba zan iya rubutawa a nan ba. Ya leƙo daga cikin rumbun, ko kunya babu, ya ce wai aro ne, in an gama awo zai mai da mani har da ƙari, in daina tara mashi jama'a. Na ce aron awakina ma yaushe ya dawo. Tsohon ya taso yana cewa in yi haƙuri ɗiyata, abin miji da mata ai ɗaya ne, in rufa ma yaron nan asiri. Matan gidan sun fito sun jeru a bayan darni suna leƙe. Muka yi ta ja, ni da mai jaki, har buhun ya yage gujiya ta watse a ƙasa.

A nan ne ya kamata in zauna a kan buhunan in ƙi tashi, in aika a kira mai gari da liman, in ce a auna a gabansu, a shaida cewa da ƙarfi aka ɗauka. Da mutum mai hankali ne a wurin, abin da zai yi ke nan. Ni kuwa zuciya ta rufe mini ido. Na saki buhun, na kakkaɓe zanena, na nuna shi da yatsa na ce na bar shi da Allah. Ku lura da wannan, don a nan duk labarin yake. Mu a bakinmu na nan ba ma tsayawa mu ce na bar ka da Allah dalla-dalla kamar yadda ake rubutawa. Cewa muke yi, na bak ka da Allah. Haka na faɗa, da ƙarfi, murya na rawa, kuka na cin rabin maganar. Duk wanda ya sha nono a ƙasar nan ya san me wannan ke nufi: na kai ƙararka wurin da ba a ba da toshiya, kuma ban yafe ba. Na juya na shiga gida na saɓi ɗiyata a baya, na kama hanyar ƙauyenmu a ƙasa, ina jin daɗi a raina wai na gaya masa magana mai zafi. Da na isa na ba inna labari, ba ta tambaye ni abin da na ce masa ba. Tambaya ɗaya ta yi, ta ce buhu nawa ne. Na ce ban ƙirga ba.

Kawuna ya kai maganar gaban alƙali a garin sarkinmu. Muka je, aka shimfiɗa mana tabarma daga gefe, ni da inna. Na ce ni saki nake nema. Aka tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki ya ce shi har ga Allah yana son matarshi, bai kore ta ba, in ta koma yau ɗakinta na nan. Na san abin da yake yi, so yake nauyin biya ya faɗo kaina. Alƙali ya ce to tunda ke kika ƙi, sai ki mai da mashi abin da ya bayar. Na ce na yarda, Allah ya gafarta malam, a cire daga kuɗin gujiyata da ya kwashe, a ba ni sauran. Ina faɗin haka ina jin ƙarfi, don na san ko makaho ya san gamana ta mace ce. Shi ma bai musa ba. Ya ce gaskiya ne gujiyarta ce, kuma gaskiya ne ya ɗauka, amma ita da bakinta ta ba shi kyauta a gaban mutane. Wai da ta ga halin da yake ciki, bayan ta gama faɗanta, sai ta saki buhu ta ce, na bam ma dan Allah.

Ku maimaita su a bakinku ku ji. Na bak ka da Allah. Na bam ma dan Allah. Ɗaya na nufin Allah ya bi mini hakkina, ɗaya na nufin na bar maka, ka ci halal. Tsakaninsu ba abin da ya kai ƙwayar gero, amma a cikin wannan ɗan tsakanin aka binne ni. Aka kira mai jakunan nan, wanda duk kaka a hannun mijina yake samun lada, ya ce shi haka ya ji, na bam ma dan Allah. Aka kira tsohon, ya ce shi kunnensa ya yi nauyi, amma ya ji an ambaci Allah, ya ga yarinya ta saki buhu da hannunta ta tafi, kuma abin da ya fahimta ke nan, ta bar mashi. Alƙali ya juyo gare ni. Ya ce kin ambaci sunan Allah, na ce na ambata. Ya ce kin saki buhun da kanki ko fizge shi aka yi, na ce na saki. Ya ce bayan nan kin je wurin mai gari ko liman kin ce an yi maki ƙwace, na ce ban je ba. Ya ce kina da wanda zai shaida abin da kika ce kin faɗa. Na ce matan gidan duk suna nan a bayan darni. Aka aika, ba wadda ta zo. Dukansu a gidan suke aure, a gidan suke cin tuwo. Ɗaya daga cikinsu ta aiko mini daga baya a ɓoye cewa ta ji abin da na ce sarai, amma in yi mata rai, tana da 'ya'ya biyar.

Sai na sake yin abin da na saba. Na miƙe tsaye a gaban alƙali na ce wa tsohon nan munafuki, na ce carbin hannunsa zai yi shaida a kansa, na ce wa mai jaki an saye shi da kuɗin da bai kai na jakinsa ba. Inna na jan zanena, ina fizgewa. Dogari ya daka mini tsawa. Na ga mutane suna kallon juna suna kaɗa kai, shi kuma mijin nawa ya buɗe hannuwa yana nuna ni, wato ku dai kun gani da idonku abin da nake zaune da shi. Duk wanda ke wurin ya tashi da cewa mace mai irin wannan baki ba ta ma san abin da ke fita daga cikinsa ba. Ban ce alƙali ya ci hanci ba, ban gani ba, kuma ba zan ɗora masa ba. Shaidu biyu aka kawo masa, ni ban kawo ko ɗaya ba. Ya ce kyautar da aka bayar aka karɓa ta wuce. Ya ce ko in koma ɗakina, ko in kawo kuɗin kafin watan gobe ya mutu.

Muka dawo gida. Na fito da tasoshin nan da na yi ta wahalar kwasowa, na kai kasuwa. Abin da aka taya su ko kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin bai kai ba. Kayan da na saya da tsada ina taƙama da su, da na zo sayarwa sai ga shi kowa na juya su yana nuna mini inda suka ɓantare. Wani dattijo ɗan kasuwa daga Cadakori ya aiko cewa shi zai biya duka in zan aure shi bayan idda. Kawu ya so haka. Ni na ce ban fito daga hannun wani don a saye ni a zube kamar tunkiya ba. Na ce gara in koma gidan wancan in mutu a can kowa ya huta, kuma har na fara ɗaure 'yan tsummokarana. Washegari inna ta yafa mayafi ta fita tun da safe, ba ta dawo ba sai azahar. Ta zauna ta kwance bakin zanenta ta zube kuɗi a gabana. Ta je ta ba da gonar baba jingina ga wani mai hali na ƙauyenmu: shi zai riƙa nomawa yana ci har ranar da muka mai da masa kuɗinsa. Na fasa kuka na ce ta mayar. Ta ce ta riga ta karɓa a gaban mutum huɗu, ta ce ita ba ta yin abu ba shaidu. Wannan kaɗai ta faɗa mini mai kama da gori, har ta koma ga Allah.

Aka biya shi, ya ƙirga a gaban alƙali har sau biyu, ya sake ni. Ya ci gujiyata, ya ci awakina, ya kuma karɓi kuɗin gonar ubana a kan ya rabu da ni. Da ɗiyata ta yi wayo kuma ya aiko aka ɗauke ta, tunda ɗa na uba ne. Ni da inna muka shiga neman kuɗin fansar gona. Matar da take da rumbu nata na kanta ta koma karɓar gujiyar mutane bashi tana yin mai, a raba riba. Inna da tsufanta ta koma yin sussuka da ɗiban ruwa a gidajen da a da ita ke aika musu da hatsi. Duk lokacin da muka tara wani abu sai wata hidima ta taso. Ga bikin da matan can suka yi mini lokacin sunan ɗiyata, wanda al'ada ta ce in nasu ya tashi sai na ninka na mayar, kuma ba su fasa aiko mini da goron gayyata ba ko da na bar garin. Ga ciwo, ga lanho. Sannan ruwa ya fara ɗaukewa shekara bayan shekara, abin da za a ci ma ya gagara. Kowace damina inna kan bi ta gefen gonar in za ta itace, ta tsaya ta dubi geron wani a ƙarƙashin gawon mijinta, ta wuce. Ta rasu ba mu fanshe ta ba. Da mai jinginar ya mutu, 'ya'yansa suka raba ta cikin gadonsu, kuma a lokacin ko da sun ce in kawo kuɗin ba ni da su.

Daga baya na yi wani aure ta wajen Gidan Rumji, wurin mutumin kirki, Allah ya jiƙansa, na sake kafa sana'ata, na samu rufin asiri. Na ɗauka maganar ta mutu. Sai wata rana, bayan shekaru masu yawa, ga ɗiyata ta zo, ita ma da 'ya'yanta manya, tare da maza biyu daga dangin ubanta. Suka ce uban nata yana kwance, jiki ya ƙi, kuma ya ce a zo a roƙe ni gafara. Na tambaye su ko ya faɗi abin da yake neman gafara a kai. Ɗayan ya sunkuyar da kai ya ce ya faɗa. Wai maras lafiyar ya ce a gaya mani cewa ranar nan a bakin rumbu ya ji abin da na ce sarai, bai yi kuskuren ji ba, kuma maganar ba ta bar kunnensa ba har yau. Wato duk shekarun da inna ke sussukar mutane, ya sani. Fushina irin na da ya dawo. Amma wannan karon ban yi ihu ba. Na ce su zauna, na ba su ruwa, na aika aka kira mini maƙwabtana biyu da limamin unguwa.

Da kowa ya zauna, na yi magana a hankali, kalma bayan kalma, yadda ko mai nauyin kunne zai ji. Na ce dukan da ya yi mini na yafe. Awakina na yafe. Gujiyar ma, tunda tawa ce, na yafe, ya ci halal. Amma gona ba tawa ba ce, ta inna ce, kuma ba ni da ikon yafe abin da ba nawa ba. Na ce inda za shi zai tarar da ita, sai ya roƙe ta da bakinsa. Sannan na sa 'yan aiken nasa biyu kowanne ya maimaita abin da na ce a gaban liman da maƙwabtan, don kada a je a sake juya mini magana a hanya. Ɗiyata ta yi kuka ta ce mini, inna ki duba, ubana ne. Na ce na sani, ita ma waccan uwata ce. Liman ya yi mini nasiha a kan falalar yafiya, na saurara har ya gama, ban musa masa ba. Wataƙila shi ke da gaskiya. Ni dai abin da na iya ke nan.

'Yan uwana mata, da ma mazan da ke da 'ya'ya mata, ba don ku tausaya mini na rubuto ba. Azzalumi ya zalunce ni, wannan ba shakka, amma ni na buɗe masa ƙofa da hannuna. In aure ya zo ƙarshe, kada ku fara da kwano da zane, ku fara da abin da zai ciyar da ku gobe. Ku san yawan abinku, ku auna shi a gaban mutanen da ba a gidan mijin suke cin tuwo ba, ku fitar da shi tun bakinku na rufe. In an taɓa muku dukiya kada ku juya baya ku tafi don ku nuna zuciya, ku tsaya a wurin har a shaida. Kuma duk maganar da ta shafi hakkinku, kada ku faɗe ta cikin kuka da ihu, ku faɗe ta sarai, ku sa a maimaita muku. Barin mutum da Allah gaskiya ne, Allah ba ya barci, amma ku kai ƙara wurin mutane tukuna, don gonar da za a ci a nan duniya take. Ni na samu daɗin gaya wa mutum magana mai zafi na yini ɗaya, inna ta biya da sauran rayuwarta. Bara na je ƙauyenmu ta'aziyya na bi ta bakin fadama. Gawo biyu sun faɗi, saura ɗaya. Wani yaro da ke noma a wurin ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni ko baƙuwa ce ni, hanya ta ɓace mini. Na ce masa e, baƙuwa ce.